Ranar da Iya Ta Faɗi Sunan Ɗan Fari

A Kakangi na tashi, a ƙarshen zamanin Turawa, a gidan da ke bakin daji sosai har birai na yi mana ɓarna a masara. In an ci tuwon dare, kakarmu Iya takan ƙara itace a murhun da take dafa daddawa, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take fara tsokana. "Matso nan, angona marar ko anini," in ji ta, "ka ji yadda mata ke yi da irinku."

Tana da tatsuniyoyin kura da na aljanu, amma akwai guda da ba dabba a ciki, kuma ita muka fi roƙo. Takan buɗe ta da cewa, "Ga ta nan, ta zo da ƙafarta, ba wanda ya aike ta." Dukanmu mun san labarin kanta ne, yaron da ke ciki kuma babanmu ne, amma ba mai cewa uffan. In ka ce, ranar an tashi ke nan.

Wai an yi wata mata da mijinta ya daina kawo ko mudun dawa. Ta ɗauki ɗanta ta koma bukkar da uwarta ta bari. Bai biyo ta biko ba, bai kuma sake ta ba, ya bar ta da igiyar aure a wuya damina huɗu. Ita ke noma, ita ke tsintar kaɗanya a daji, har yaron ya zama saurayi.

A lokacin, in malamin haraji ya zo ƙidaya, maigida kaɗai ake tambaya. Mace mai aure a gidan mijinta ake rubuta ta, ko da tana kwana a wata duniya, ɗanta ma haka. Shekarar nan sai Turawa suka ce kowane gida mai maza biyu zai ba da ɗaya a kai shi haƙar kuza a ƙasar Jos, inda sanyi ke kashe mutane. Mijin nan da bai san ciwon yaro ba, su biyu ne maza a gidansu, shi da yayansa, kuma shi abin zai faɗa wa, sai ga shi ya tuna yana da ɗa. Ya sa aka rubuta shi a gidansa don a tafi da shi a madadinsa.

"Mutane na gudu daji don kada a rubuta su," in ji Iya, tana tura itace da ƙafa, "ita kuwa ta yafa mayafi ta nufi ƙofar dagaci don a rubuta ta. Aka ce ta haukace."

Ta durƙusa ta gaida dagaci, ta ce, "Ranka ya daɗe, na zo a yanka mini haraji. Gidana daban, tukunyata daban."

Malamin haraji ya ce, "Baiwar Allah, ina takardar saki?"

"Babu. Igiya dai tana nan, amma ban taɓa ganin ta cika cikin yaro ba. A tambayi wancan mutumin yaushe rabon da ya auna mana hatsi."

Mijin ya harzuƙa ya ce shi ba ya ciyar da mai yaji, ko ƙwaya. Dagaci ya ce to, kowa ya ji da kunnensa. Malam ya ga ga gida ya ƙaru, kuɗi sun ƙaru, sai ya tsoma alƙalami. Ya rubuta ta, sannan ya ɗago ya ce doka ita ce mai gida ke faɗin sunan mutanensa da bakinsa. "Yaya sunan yaron?"

Yaron ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ko nuna ta damu da shi a gaban mutane. Wadda ta yi, an dinga yi da ita ke nan a bakin rijiya har ta tsufa. Mijin ya sani, shi ya sa ya fara murmushi. Wata tsohuwa ta matso za ta faɗa a madadinta, malam ya ce a'a.

"Sai ta miƙe tsaye," in ji Iya. "Ta faɗe shi da ƙarfi, har na bayan masallaci suka ji. Mata suka rufe baki. Ta ce, malam, in bai shiga ba in maimaita."

Mukan yi ca a kanta: "Iya, wane suna?" Sai ta ɗaga muciya. "Ku ci gidanku! An gaya muku kullum ake yi?"

Ta sayar da akuyarta da tasoshin aurenta ta biya na kanta da na yaron. Gida mai namiji ɗaya ba a ɗiba, saboda haka ya zauna. Wanda ya haƙa ramin shi ya tafi kuza.

Da ina yaro na ɗauka Iya ta ci Turawa da yaƙi. Da na girma na gane su ba su yi asarar komai ba, har riba suka ci. Ita ce ta biya, da kuɗi da kuma abin da ya fi kuɗi tsada a ƙauye, don har ta rasu akwai matan da ke kiran ta marar kunya. Abin yana ba ni haushi har gobe. Na ga masu kunya da yawa sun tsaya suna kallo an tafi da nasu, kuma ban ga abin da kunyar ta dawo musu da shi ba.

Bayan mun binne ta na yi ƙarfin hali na tambayi Baba ko yana tuna ranar.

"Ina tsaye a bayanta," ya ce. "Shekarata sittin da wani abu, sau ɗaya tak na ji sunana a bakin uwata. Ya ishe ni."