Kunyar 'Yar Fari a Wangsa Maju

Duk matar Bahaushe da ke zaune a unguwar Wangsa Maju ta ƙasar Malaysia ta san ɗinkin Hadiyya. A hawa na goma sha ɗaya na wani dogon bene take, keken ɗinki a bakin taga, yadukan da take sarowa a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman jibge a kan kujera. Daga Kazaure mijinta Sharfaddeen ya taho da ita tana amarya. Karatun digiri na uku ya kawo shi, karatu ya ƙare, ya samu koyarwa, zama ya miƙe. A nan ta haifi 'yar farinta Hanifa, daga baya Fa'iz ya biyo.

Mace ce mai haƙuri, ga hannu, ga cika alkawari, abin da ba kowane tela ake yaba wa da shi ba. Sai dai akwai halinta guda mai ƙona rai. Shekara tara cur, Hadiyya ba ta taɓa kiran sunan Hanifa ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". Ba ta janta jiki, ba ta yabonta. Wai kunyar 'yar fari. Haka ta tashi ta gani, haka aka yi mata. To amma a Kazaure ai akwai kaka, akwai goggo da inna, gida cike da cinyar da yaro zai hau. A hawa na sha ɗaya fa? Keke da fanka! An ɗauko kunya an hau jirgi da ita, an baro kakar a gida, kuma ba wanda ya tsaya ya yi tunanin wa zai cike gurbinta. Uban kuwa tun safe yana jami'a.

Ba ƙin yarinyar take ba, ta fi son ta a kan ranta. Yadin da ya fi kyau na Hanifa ne, tsokar da ta fi girma a kwanonta take faɗawa. Amma 'yar shekara tara ina ta san so a jikin ɗinki? Abin da take gani shi ne ana ɗaga Fa'iz sama ana "Fa'izuna, ɗan albarka", ita tana tsaye.

Ranar rabon kyaututtuka a makarantarsu, Hanifa ta zo ta ɗaya a karatun Alƙur'ani. Hadiyya na zaune kusa da Hajiya Uwa, wadda ta fi duk matan Hausawa daɗewa a garin, ta kuma naɗa kanta alƙaliyar tarbiyyar kowa. Iyayen Malay sai rungumar 'ya'yansu suke. Hanifa ta sauko da gudu, kofi a hannu, ta ware hannuwa ta nufo uwarta. Zuciyar Hadiyya ta cika fal, amma ta ji idon Hajiya a kanta. Sai ta sunkuya tana gyara wa Fa'iz takalmin da babu abin da ya same shi. Yarinyar ta daɗe a tsaye kafin ta sauke hannuwanta.

"Madalla da 'yar gida," in ji Hajiya Uwa. "Malaysia ba ta ɓata ki ba."

A bakin ƙofa malamar ajinsu, Fatiha, ta ja Hadiyya gefe. Cikin tattausar murya ta yi mata godiyar riƙon Hanifa. Ta ce yarinyar ta gaya mata cewa mahaifiyarta ta gaske tana Najeriya, wata rana za ta zo ɗaukarta.

Hadiyya ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ita da ta yi kwana biyu tana naƙuda a asibitin da ba ta jin yarensu, ba uwa ba dangi, ita ce yau mai riƙo? Ta fara jin haushin yarinyar, amma haushin bai zauna ba, don Hanifa ba ƙarya ta shirya ba, bayani ta nema wa kanta. Sai ya koma kan Hajiya, daga nan ya dawo kanta ya tsaya.

A tashar jirgin ƙasa Hadiyya na tafe da Hajiya Uwa, Hanifa na can gaba ita kaɗai, ta cusa kofin a jaka. Hadiyya ta buɗe baki, sunan ya yi mata nauyi, ta turo shi da ƙarfi.

"Hanifa!"

"Subhanallahi!" Hajiya Uwa ta dafe ƙirji. "Hadiyya, a bainar jama'a?"

"Hajiya, ki ƙyale ni don Allah. Ke kike zame mata kaka? Hanifa!"

Yarinyar ta waiwayo da sauri. Ta dubi wata 'yar Malay mai jan mayafi, ta dubi wasu mata biyu a kan benci, tana ɗaga ƙafa tana leƙen bayan mutane. Idonta ya bi ta kan uwarta ya wuce, tana neman wadda ta kira ta.