Hannun Inna da Ya Ƙi Rufuwa

Kafin Inna ta faɗo daga kan kabu-kabu, Turancin hannu da na sani bai wuce hand da finger ba. Ina ƙaramar sakandare a Jibiya a lokacin, ina ji da kaina kamar a bakina aka ƙera Turanci.

Fura Inna take sayarwa a bakin iyaka, inda direbobin manyan motoci ke jira kafin su wuce Maraɗi. Da hannun dama take cura furar, shi ne kuma ya karye ranar da ɗan kabu-kabu ya kauce wa akuya. Aka kai ta wurin mai ɗori a Daddara, ƙashi ya kama lafiya lau. Mu ne muka ɓata sauran. Don tsabar tausayi muka hana ta taɓa komai. Ko buta ta miƙa wa hannu sai Baba ya yi faɗa. Yayata ke ba ta abinci a baki, ni ke ɗaura mata ɗankwali. Aka kwance ɗori, muka ci gaba da lallaɓa hannun kamar ƙwai, sai shafa man shanu. Ko da muka farga, yatsun sun sandare. Hannun da ba ya rufuwa kuwa ba ya cura fura, Inna ta riga kowa sanin haka. Ta daina tambayar wa ya zauna a wurinta a bakin iyaka, wannan shirun nata ya tsorata ni ƙwarai.

Da muka kai ta ƙaramin asibiti, muka tarar da wata ma'aikaciya 'yar kudu mai bautar ƙasa, Hausarta ba ta wuce sannu ba. Aka ce in yi tafinta. Ta yi ta zuba bayani, ni kuwa ban gane komai ba.

"Mi ta ce?" in ji Inna.

"Ta ce hannunki ne ke ciwo."

"To da ƙahwata na kawo mata? Ashe bokon naki fanko ne."

Matar ta gane na ɓata. Ta yi dariya, ta kama nawa hannun. Ta zagaye wuyansa da yatsunta, ta ce wrist. Ta shafa tafin, ta ce palm. Ta ƙwanƙwasa gaɓoɓin bayan yatsu, knuckles. Ta ja babban yatsa, thumb. Sannan ta tattara yatsuna duka ta dunƙule su, ta ce fist, ta nuna Inna da haɓa. Na fahimta: wannan ake nema, kuma ba zai samu ba sai an daina tausaya wa hannun.

Kullum da safe sai Inna ta jiƙa shi a ruwan ɗumi, ni kuma in zauna gabanta ina kira kamar malamar aji. In na ce wrist ta juya, in na ce thumb ta motsa. Gaɓoɓin nan ne suka ƙi, har ta sa musu suna 'yan taurin kai. Nakan danna su da kaina, hawaye na zubo mata. Baba ba ya iya kallo, zaure yake komawa. Ni ma zuciyata karyewa take yi, amma in na sassauta wa zai danna?

Damina ta wuce, yatsun na lanƙwashewa rabi su tsaya. Wata safiya na gaji, na ɗaga murya.

"Inna, wallahi ba ki ƙoƙari! Fist na ce!"

"Ke, ɗiyar nan, ni kike ma tsawa?"

Kafin in ankara ta cafke kunnena ta murɗe, zafin har tsakar kaina. Na buɗe baki zan yi ihu, sai muka tsaya cak mu duka biyun. Da hannun dama ta kama ni.

"Inna, kar ki saki," na ce, ina kuka. "Ƙara matsawa."

Ta ƙara.