Injin da Muka Cinye

A shekarun da Naira ta fara lalacewa, babanmu ya sayar da injinsa na matsar man gyaɗa da ke bayan gidanmu a Karaye. Wani ɗan kasuwar Rogo ya saya, ya biya ninkin yadda Baba ya sayo shi. Gari ya ɗauka Malam ya ci riba. Dangi suka yi ta zuwa barka daga ƙauyukan Turawa da Kwanyawa, kuma a wajenmu mai taya murna ba ya komawa hannu Rabbana. Wannan turmin atamfa, wancan kuɗin mota.

Innarmu kaɗai ta ɓata rai. Ta ce, "Malam, riba ita ce abin da injin ke kawowa kowace safiya. Wannan kuɗin na ƙarƙashin katifa injin ne da kansa kake gutsurawa kana rabarwa."

Da Baba ya je Kano neman sabo, ya tarar kaya sun tashi, abin hannunsa ko rabi bai kai ba.

Mai sayen bai ɗauke injin ba, a nan ya bar shi yana aiki. Kowace safiya ƙararsa ta ratso katanga, ƙanshin gyaɗa ya cika tsakar gida, sai Baba ya ajiye kokonsa bai shanye ba. Ya rasu, rumfar injin ma ta rushe tuntuni. Amma har yau in na kwana a gidan, da gari ya waye sai in kasa kunne, ina jiran a tayar da injin da muka cinye.