Yaya Rahila da Katin da Ban Iya Karantawa Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah ya karɓi ran Yaya Rahila a gidanta na Romi. Ni Asabe ce, ta Kakuri a Kaduna, kuma ban taɓa zama a aji ba, ko na yini ɗaya. Abin da kuke karantawa da bakina na faɗe shi, 'yata Hadiza ce ta riƙe biro, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana ta koma ta 'yan boko.

Wadda zan ba ku labarinta ba 'yar'uwata ba ce ta jini. Ita mutuniyar wajen Zonkwa ce, tana zuwa coci ran Lahadi, ni ina salla. Masaƙa ce ta haɗa mu. A wancan zamani, idan jiniya ta yi kuka da safe, Kakuri cika take yi da kekuna da ƙafafu, har mai ƙosai ta rasa inda za ta ajiye tire. Na shiga ɗaya daga cikin masaƙun nan ina da 'ya'ya uku, abin da maigida ke kawowa daga tuƙin bas ba ya isar mu. Aka ba ni aikin cika kwarkwaro, wato sandar zaren da ake sa wa injin saƙa. Yaya Rahila ce heluman layinmu, mai kula da injuna ashirin da huɗu da matan da ke kansu. A duk ɗakin saƙar ita kaɗai ce mace mai wannan muƙami. Gajeruwa ce, mai wushirya, almakashi na rataye a wuyanta kullum kamar laya.

Ƙarar ɗakin nan ba ta barin kunne ya ji magana, sai mu karanta leɓen juna. Har yau maƙwabtana in za su yi gulmata daga nesa, sai sun juya mini baya. To amma ni Allah ya ba ni kunnen inji. Kowanne da muryarsa, kuma idan ɗaya zai yi gardama, muryarsa ce ke fara canjawa. Wata rana tana wucewa ta ga na ɗaga kai ina duban inji lamba tara, alhali yana ta aikinsa lafiya. Ta tambaye ni da leɓe, na ce mata zai tsaya. Ba ta kai ƙarshen layi ba ya tsaya. Ta dawo ta dube ni tun daga ɗankwali har silifa. Kashegari ta ce in ajiye kwandon kwarkwaro in riƙa bin ta.

Yanzu Hadiza mataimakiyar shugaban makaranta ce. Kwanan baya ta je wani taron mata ma'aikata a babban otal, ta dawo da jaka da biro da kati rataye a ƙirji. Ta ce an koya musu cewa mace ba ta yin nisa a aiki sai ta sami wata babba da za ta ja ta, wai mento ake kiranta. Na ce, "Yini guda kuka yi a kan wannan? Da kin tambaye ni ina tsince shinkafa, da na gaya miki." Na san da Yaya Rahila na raye, da sai ta yi dariya har wushiryar ta bayyana, sannan ta ce a ba ta jakar ta zuba dawa. Amma da ta ji daɗi. Ita ba ta san abin da take yi yana da suna ba.

Ga yadda take jan mutum. Ranar farko da ta kai ni ofishin Oga Emeka, manajan sashenmu, mutumin gabas da ya iya Hausa kamar a Kano aka yanke masa cibiya, ina shiga na durƙusa kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Da muka fito ta ce, "Asabe, a gida ki durƙusa wa surukanki. A nan ki gaishe shi da ladabi, amma a tsaye. Wadda ke ƙasa ba a tambayar ta shawara." Bayan haka, duk lokacin da Oga ya zo ya ce, "Madam, me ke damun lamba bakwai?" sai ta dafe ƙugu ta ce, "Tambayi Asabe, Oga, ni na tsufa." Alhali ko arba'in ba ta kai ba. Ta aike ni sito in yi rigima da mai sito a kan zare. Ta aike ni wajen makanikai in ce gyaransu bai yi ba. Na dawo ina kuka, ta miƙo mini gyaɗa, ta ce in koma. Kwanci tashi, sunana ya zauna a bakin mutanen da da ba su san ina wurin ba.

Abu ɗaya na ɓoye. Kowace safiya akawu na kawo kati daga ofis, a ciki an rubuta irin zaren da za a ɗora da irin yadin da ake so. Idan Yaya ta miƙo mini, sai in karɓa, in tsuke fuska, in gyaɗa kai kamar alƙali. Ba na ganin komai sai tafiyar tururuwa. Amma na lura da launi: shuɗin kati, akoko mai kauri, farin kati, yadi mai laushi da ake buga atamfa a kansa. Da wannan dabara na yi shekara biyu, ina jin ba wanda ya kai ni wayo a Kaduna.

Ana nan, ana nan, sai aka ƙara wa Yaya Rahila girma, za ta koma sashen duba yadi. Dole a naɗa wanda zai gaje ta, maza uku kuma suna jira. Ita kuwa ta kira sunana. Oga ya ce sai ya gani da idonsa. Na san abin da ke gabana: in na ci, 'ya'yana sun tsira da makarantarsu, in na faɗi, layin mata ya koma hannun namiji, kuma ba a ƙara sauraron Yaya in ta kawo sunan wata.

Tana da wata al'ada da duk muka sani: wadda take koyarwa, sai wata safiya ta wayi gari ba Yaya, ba sallama. Tawa ta zo ran Alhamis. Na duba gabas, na duba yamma, babu ta. Ashe tana kantin cin abinci tana shan shayi, ta kuma hana kowa ya kira ta. Akawu ya miƙo mini kati, shuɗi. Ya ce, "Kin gani ko?" Na ce, "Na gani." Ga Hanatu a gefena, yarinya mai takardar sakandare, hannu kawai zan miƙa. Ban miƙa ba. Na ce a ɗora zare mai kauri, aka ɗora, injuna suka ɗauki waƙa, ni kuma ina zagayawa hannu a baya kamar yadda Yaya ke yi.

Jama'a, ashe fararen katunan ne suka ƙare a ofis. Akawu ya ɗauki shuɗi ya rubuta aikin yadi mai laushi a kai.

Da rana ta take sai ga ta. Ta shafa yadin da yatsa biyu, ta karɓi katin, ta ja ni waje ƙarƙashin dalbejiya inda kunne ke aiki.

"Me aka rubuta a nan?"

Na ƙura wa katin ido.

"Asabe, tun makonki na farko na sani. Mai karatu idonsa tafiya yake yi a kan takarda, naki a tsaye yake kamar na kifi. Ina jira ne ki faɗa da bakinki. Rashin makaranta ba ke kika yi wa kanki ba. Amma Hanatu na nan, akawu na nan, kika zaɓi ki ɓata aikin rabin yini da a ce kin yi tambaya. Wannan kam naki ne."

Na ce, "Yaya, don Allah ki ce wa Oga ke kika gaya mini ba daidai ba. Ke ba zai kore ki ba."

Ta ce, "Zan raka ki har ƙofa. Baki kuma naki ne."

Haka aka yi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta naɗe hannu. Gwiwoyina suka fara neman ƙasa da kansu, sai na ji ta yi gyaran murya, na miƙe. Na ce, "Oga, ni na ɓata aikin yau. Ban iya karatu ba, launin kati nake bi." Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya dubi Yaya, ita kuwa ta dubi fankar sama kamar yau ta fara ganin fanka. Ya ce, "To me kika iya da har Madam ta hana ni shan ruwa a kanki?" Na ce ya biyo ni. Muka bi layi a hankali, na nuna masa inji biyu, na ce waɗannan ba za su kai yamma ba. Ya kira makanike, aka buɗe, aka sami ƙarfe ya cinye a dukansu. Muka koma ofis, ya ce, "Na yarda da kunnenki. Katin fa? Gobe ma akwai kati, jibi ma." Ban san inda maganar ta fito ba, na dai ji bakina ya ce, "A riƙa karanta shi da ƙarfi a gaban kowa kafin a kunna injuna. In na manta, wata za ta tuna." Ya ce ya ba ni wata ɗaya. Yadin da na ɓata aka ajiye shi wa wani aiki.

Da safe Hanatu ta hau kan akwati ta karanta kati, mata na sauraro, wasu na dariya a cikin mayafi. Kunya ta kusa kashe ni, amma ban mutu ba. Kwana uku sai ga Baba Audu, heluman layin da ke maƙwabtaka da mu, dattijo mai shekara ashirin a masaƙa, ya zo wai gaishe mu yake yi, katinsa a hannu, ya karkata shi daidai idon Hanatu. Kashegari ya sake zuwa gaisuwa. Yaya ta ce, "Baba, wannan zumunci naka na safe-safe, Allah ya ƙara danƙo." Ya ce, "Rahila, ki bar ni da abin da ya dame ni." Kafin damina ta wuce, kowane layi karanta kati ake yi da ƙarfi. Wata ɗayan da aka ba ni kuwa, ba wanda ya ƙara tuna shi. Na riƙe layin har ranar da aka rufe masaƙar.

Yau in na bi ta wajen, ciyawa ce a inda muke tsayawa, 'yan keke na kiran fasinja, masu gyaran waya sun jera rumfuna. Da Yaya ta gani, da ranta ya sosu, amma ba ta cika zama da baƙin ciki ba. Da ta fi kallon matan da ke fita da safe da makullin mota a hannu, masu aikin banki da asibiti da kotu, ta ce, "Kai, 'yan nan sun yi kyau." Sannan ta tare ɗaya ta tambaye ta yarinya nawa ce a ofishinsu manya suka san sunanta ta dalilinta. Don ina jin labari wajen Hadiza. Akwai manyan mata masu kirki da za su ba ki shawara mai daɗi, su turo miki addu'a a waya kowace Juma'a, amma ranar da ake rabon muƙami bakinsu na rufe. Akwai kuma masu yi wa yarinya aikin gaba ɗaya don tausayi, har ta tsufa ba ta taɓa tsayawa gaban manaja ita kaɗai ba. Yaya ba ta yi ko ɗaya ba. Ta sa sunanta a kan nawa, ta kuma ƙi ara mini bakinta.

Ba ta bar bene ba. Ɗaki uku ta bari a Romi da bishiyar gwaiba. Amma Hanatu, wadda ni ma na kira sunanta a ofis da aka nemi heluman wani layi, yau tana da shagon ɗinkin kayan makaranta a Sabon Tasha, da mata fiye da goma a ƙarƙashinta. Wasu cikinmu sun koma kasuwa, wasu gona, kuma duk inda ka same mu za ka tarar da wata a gefe tana koyo. Ni ma Yaya ta matsa mini da yammacin Asabar har na iya lambobi da rubuta sunana, ko da yake ta ce rubutuna kamar kaza ta bi ta kan siminti.

Zuwana na ƙarshe wurinta, tana kwance a tabarma a inuwa, jiki ya yi nauyi amma bakin na nan. Na yi mata tambayar da na daɗe ina riƙe da ita. Na ce, "Yaya, ga Hanatu da takarda, ga wasu, me ya sa kika ɗauko ni, kika kusa zubar da mutuncinki?"

Ta ce, "Mai takarda, ko ba ni, wani zai gan ta. Ke kuwa, in ban kira sunanki a ofishin nan ba, wa zai kira? Miƙo mini ruwa, kin cika surutu."

Ita ma ba wanda ya taɓa kiran sunanta a inda manya ke ji, ba a rediyo ba, ba a jarida ba. Shi ya sa na sa Hadiza ta zauna yau. Na ce ta rubuta shi da kyau, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba, da ƙarfi: Rahila, heluman layi na uku.