Mun Adana Kukan Daji, Mun Rasa Muryar Lirwanu

Na Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Maris, 2017, aka bugo mini waya daga Bukkuyum cewa Malam Lirwanu Bello ya rasu, bayan ciwon ƙirjin da ya daɗe yana ɓoye mana. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Lirwanu, jama'a sun san ka malamin firamare, amma mu na kusa mun san ka da aikin da ya sa wasu ke yi maka kallon mai taɓin hankali, wato ɗaukar kukan daji. Duk hutu sai ka ɗaure rikoda a bayan babur, ka nausa fadamun Gummi da dazukan bakin gulbi, inda ko makiyayi sai ya yi shawara kafin ya shiga. Kakan ce tun da injinan niƙa dutsen zinariya suka cika ƙauyuka irin su Sunke tsuntsaye suka fara ƙaura, kuma kana tsoron jikokinmu su tashi ba su san kukan gauraka ba. Sau ɗaya na bi ka. Ka zaunar da ni gindin tsamiya, ka hana ni ko tari, ni da bakina ba ya hutawa, cinnaka na cizo ina haɗiye ihu. Da muka tashi ka ba ni furarka duka don lallashi, kai ka koma gida da yunwa.

Nawa aikin tacewa ne. Kakan kawo katin rikodar shagona na kwamfuta a Anka in gyara maka. Kafin kowace ɗauka kakan yi bismilla, ka faɗi inda kake, wani lokaci har ka yi wa tsuntsu tsiya in ya ƙi kuka. Ni kuwa duk inda muryar mutum ta shiga sai in yanke, sannan in goge na asalin don katin ya samu wuri. Ka taɓa ce mini, "Makau, ka bar man ko bismillar mana." Na ce ai tsuntsu mutane ke son ji, ba kai ba. Ka yi dariya ka ƙyale ni. Wannan maganar tawa ce ke hana ni sukuni yanzu.

Ranar addu'ar uku, mahaifiyarka Inna Tasalla, wadda ta daɗe ba ta gani, ta sa aka kira ni. Ta ce, "Makau, an ce kayan aikin ɗana na wurinka. Ni hoto bai yi man komi. Kunna man muryatai in ji."

Na koma shago na bincike komai. Ga kwaɗi, ga fakara, ga burtu, ga iska cikin gamba, amma babu kai. Da hannuna na share ka, har ina alfahari da tsabtar aikina. Na dawo na durƙusa na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi, da na ji sauƙi. Cewa ta yi in kunna mata abin da ya rage, ta ji abin da ke raba ta da kai duk hutu.

Muna cikin saurare sai kurciya ta yi kuka, wata ta amsa daga nesa. Inna ta damƙe hannuna. "Maido baya. Wagga ta farko ba kurciya ba ta, Lirwanu na. Haka shika haɗa hannuwa shi busa tun shina kiwon awakina."

Ashe kiran tsuntsuwar kake yi, ni kuma na ɗauka ita ce, shi ya sa ban yanke ba. Abin da ya tsira daga hannuna ke nan, kuma ya tsira ne don ban gane ka ba. Yanzu yana cikin wayar matarka Asabe, Inna na sa a kunna mata kullum bayan sallar asuba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Tasalla, da Asabe, da 'ya'yanka Surayya da Mas'ud, waɗanda za su girma suna tambayar yadda muryar babansu take. Ina roƙon su gafara, kai ma ka yafe mini, aminina. Allah Ya ba su haƙuri, Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Bismillar nan da na yi ta yankewa, Allah Ya ji ta tun kana dajin, kafin ta iso shagona. Ya sa ka tarar da ita a mizaninka, amin.