Bidiyon Gwaggo a Cikin Takaba

Da mijin gwaggona ya rasu a gidansu na Madabo, ta shiga takaba. Ta cire 'yan kunne, ta daina sa kwalli, ta koma kan tabarma a ƙuryar ɗaki. Mace ce da ko soro ba ta leƙawa sai ta turara kayanta, irin na mutanenmu na Barno.

Bayan sadakar bakwai, 'yarta da ke aure a Maiduguri ta kira ni. Tana da tsohon ciki, ba ta samu zuwa ba.

"Don Allah ki ɗauko min ita a waya in gan ta, ko na minti ɗaya ne."

Ina jin sau biyu na ɗaga wayar ina ajiyewa. A ƙarshe na ɗauka ta gefen labule, Gwaggo na jan carbi tana share hawaye. Ban tambaye ta ba. Na tura wa 'yar tata kaɗai.

Kafin arba'in bidiyon ya dawo mini ta guruf ɗin matan unguwa. An ɗora masa waƙa mai sa kuka, an rubuta a taimaka wa wannan baiwar Allah, ba ta da kowa. Gwaggo mai 'ya'ya shida! Wata ta kai mata ta gani, sai Gwaggo ta aika a kira ni.

"Ke ce mai digiri. Ki binciko min munafukar da ta zo gaisuwa ta yi min tsirara a duniya."

Na ce to. Na kira Maiduguri, 'yar ta rantse wa ƙanwar mijinta kawai ta tura. Wataƙila gaskiya ne. Ban sani ba, har yau ban gama yarda ba.

Gwaggo kuwa ta fara lissafa masu shigowa. Hankalinta ya tsaya a kan maƙwabciyarta, wata dattijuwa mai kawo mata kunun gyaɗa kullum da safe.

"Kin lura wayarta kullum a tsaye take riƙe ta? Wai ba ta gani sosai. Hmm."

Ranar da ta sa aka mayar da kunun ko buɗe kwanon ba a yi ba, na ga matar ta tsaya a tsakar gida riƙe da kwanon a hannu. Shekara talatin suna maƙwabtaka. Na shiga ɗaki na durƙusa.

"Gwaggo, ni ce."

Na soma bayanin 'yarta da cikinta, ta ɗaga hannu.

"Da kin tambaye ni, da na ɗaura kallabi. Tashi ki karɓo min kununa, ki ba ta haƙuri da bakinki."

Daga ranar ta sa aka ajiye faifai a bakin ƙofarta, duk mai shiga sai ta ɗora wayarta a kai. Baƙi takan ɗaga musu ƙafa wani lokaci. Ni kam har ta fita takaba, sai ta leƙa ta ga tawa a kan faifan kafin ta amsa sallamata.