Maɓallin Hagu

Ƙarya aka yi mini a gaban kwamiti, kuma mutumin da na yi shekaru ina ɗaukar wa jaka ne ya yi ta.

Masinja ne ni a wani ofishi nan Abuja. A aji uku na sakandare na ajiye boko. Oga, injiniyan sashenmu, ya buɗe mini lambar shiga saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinmu na neman aiki, don kullum da safe in leƙa ko tana raye, shi ya huta da hawa bene.

Wata safiya jan rubutu ya fito a allon. Na kira shi. Ya ce masu manhajar ne suka gano ɓaraka, suna son a yi faci, wato gyaran da zai toshe ta.

Na ce, "To a yi mana, oga."

"A kashe saba ana tsakiyar ɗaukar ma'aikata? Danna maɓallin hagu, ya tafi sai gobe. Kai dai Malam, boko ba naka ba ne."

Ya yi dariya, na taya shi. Wata da watanni ina danna na hagun nan kafin in sha shayi.

A unguwarmu Karmo kuwa ni ne babba. Na yi ta cika baki cewa kwamfutar ofishinmu a hannuna take. Ni na lallashi maƙwabcina tela ya bar 'yarsa ta cike fom ɗin neman aiki a shafinmu: hoto, lambar waya, kwatancen gida.

Ta ɓarakar nan 'yan kutse suka shiga suka kwashe komai. Ƙartin da ba ta sani ba suka riƙa kiran yarinyar, suna faɗin sunanta da layinsu. Uban ya tsaya a ƙofata, ko sallama babu. Ya ce, "Kai ka ce wurin amana ne." Har yau ta bayan masallaci nake zagayawa don kada in bi ta shagonsa.

Kwamiti ya buga takarda: lambata ce ta kori gargaɗin kowace safiya. Oga ya ce bai taɓa ganin jan rubutu ba. Aka juyo kaina. Wallahi bakina da kansa ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Sabo. Aka kore ni daga aiki, amma amsar nan tawa ta fi korar ci mini rai.

Facin kuwa, da aka tashi yin sa, kafin a fito sallar azahar an gama shi.

Ran da na je mayar da katin aiki na tarar da Oga zai shiga mota. Ya miƙo hannu. Na bar shi a miƙe.

Na ce, "Oga, ni ban iya karanta jan rubutun nan ba, na danna. Kai ka iya, ka ce in danna. Kunyar tela tawa ce, ni zan ɗauka. Amma ka sani, ranar kwamiti ƙarya biyu aka yi, taka da tawa. Tawa na zo janyewa: ba haka ba ne."